Itatuwan da Kawu Bai Dasa Ba

Shekarar da na bar koyarwa ta kwantara, wata sosiyete, wato kamfani, mai sayen riɗi ta buɗe biro, wato ofis, a Magariya, bayan tasha, a wani gida mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe. Aka ce suna neman wanda ya iya faransanci, ya iya moto, wato babur, kuma ya san ƙauyukan gabas har Dungas. Faransanci ina da shi daidai gwargwado. Moto kuwa tun ina saurayi nake faɗuwa da ita a rairayin hanyar Waca, kuma mahaifiyata ƴar wani ƙauye ce a ƙasar Guci. Aka ɗauke ni. Na zaci buhu zan riƙa aunawa, sai aka miƙo mini tulin fish, wato takardun da ake cikawa, da bik guda biyu na rubutu, da waya mai nuna inda mutum yake tsaye a doron ƙasa.

Shef, wato shugaban biron, wani dogon mutum mai yawan share gumi, ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

"Kuɗin da muke sayen riɗi da su ba namu ba ne," in ji shi. "Na wasu mutane ne da suka zuba jari. Suna can ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba, ni ma ban taɓa ba. Kowace shekara sai mun rubuta musu rapor, rahoton aikinmu. A da riba kaɗai suke tambaya. Yanzu suna so su ji me muka yi wa ƙasa, me muka yi wa ruwa, me muka yi wa itatuwa. In ba su gamsu ba, sai su janye jarinsu."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa yake. Da na ga bai yi dariya ba, abin ya tsaya mini a rai. A ce wani yana zaune a can ƙarshen duniya, bai san ɗanɗanon furar Guci ba, bai san ko da sunan garin ba, amma yana so ya ji lafiyar sabarar da ke gefen gonar wani tsoho a can. Har na koma gida ina jujjuya maganar. Ni da aka haifa a nan, ban taɓa tambayar lafiyar sabara ba.

Sosiyeten ta yi wa masu jarin alkawari ɗaya mai nauyi: ba za ta sayi riɗi daga gonar da ake sare itatuwa ba. Manomin da sunansa ke cikin jerinta yana samun iri mai kyau kafin shuka, kuma ana zuwa har ƙauye a ɗauki amfaninsa. Wanda aka samu yana sara, sai a cire sunansa, a kuma faɗa a ƙofar mai gari don kowa ya ji. Aikina shi ne in bi gona gona, in ƙirga itatuwa, in cika fish. A kan kowane fish akwai gida biyu da suka fi sauran muhimmanci. Ɗaya na itatuwan da manomi ya dasa, ɗaya na waɗanda ya sare.

Cikin bazara na fara. Makon farko na sha wuya, don duk ƙauyen da na shiga da takarda a hannu ina ɗaga kai ina duban itace, sai a ɗauke ni ɗan gandun daji. Mutanenmu ba su manta zamanin da reshe ɗaya ke jawo wa mutum tara ba. Wani dattijo ya rantse mini gonar da muke tsaye a cikinta ba tasa ba ce, alhali matarsa na can tana kawo masa fura. Wani ya ce itatuwansa biyar ne, ina kallon fiye da ashirin a bayansa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi rantsuwar da ban saba ba. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma zafin bazara ba ya rage wa kowa wannan hali.

A mako na uku jerin ya kai ni gonar Kawu, yayan mahaifiyata. Kawu manomi ne kuma makiyayi, kamar yawancin mutanen ƙauyensu. Yana da ƴan shanu da ba ya yarda a faɗi adadinsu, da gona babba a arewacin gari. Gajere ne, siriri, bakinsa ba ya hutawa da tsokana. Tun da na fara koyarwa ya daina kiran sunana, sai Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko.

Na daɗe ban shiga gonar ba, tun ina yaro. Abin da na tuna fili ne fetal, mai rairayi, wanda in ka tsaya a wannan gefe kana hango mutum a wancan. Ranar nan da na kashe moto a bakin gonar, sai na tsaya ban sauka ba. Gawo ne manya da ƙanana, da ganyensu shar a tsakiyar bazara, da kalgo, da sabara da ta tashi ta zama itace sosai, da aduwa, da ƙirya jefi-jefi. Ƙarƙashinsu ƙasa ta yi duhu da ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu. Iskar da ta biyo ni tun daga hanya tana ƙona fuska, tana shiga nan ta yi laushi. Kukan tsuntsaye ya yi yawa har na cire hular moto don in ji da kyau. Na yi ta faɗin ikon Allah a zuciyata.

Sai na ji sara. Kaf, kaf, kaf. Na bi ƙarar, na iske Kawu duƙe da gatari a gindin wata sabara, ga tulin ɗanyun rassa a bayansa, ga wani tulin can gaba, ga wani. Duk inda na waiwaya akwai tuli.

"A'a, Mushe ne da kansa!" in ji shi. "Yau lakwal ta biyo mu har gona? To ni dai na tsufa da karatun abese."

Muka gaisa, ya tambayi ƙanwarsa da yara. Na zaro fish ɗin, na ce, "Kawu, itatuwa nawa ka dasa a gonar nan?"

"Dasa? Ko ɗaya."

"To nawa ka sare bana?"

Ya yi dariya, ya nuna tulin rassan da ƙotar gatari. "Ƙirga mana. Ba kai ne mai boko ba?"

In na rubuta abin da ya faɗa, an gama: bai dasa komai ba, ya sare abin da ba ya ƙirguwa. Za a cire sunansa. Zai koma ɗora riɗinsa a amalanke zuwa kasuwar bakin iyaka, inda ƴan kasuwa ke yanka farashi yadda suka ga dama. Abin da ya fi wannan ciwo, za a kira sunansa a ƙofar mai gari a matsayin mai ɓarnar itatuwa, kuma kowa zai san ɗan ƙanwarsa ne ya rubuta. Na hango fuskar mahaifiyata ranar da labarin zai iso Magariya. Na kuma ji haushin Kawu, wallahi na ji. Tsoho da gona mai albarka haka, me ya kai shi bin ta da gatari?

Ban tambaye shi ba. Na bar shi da saransa, na zagaya gonar ina ƙirga duk itacen da ya wuce tsayina. Na daɗe, don sau biyu lissafin yana ɓace mini ina sakewa. Da na gama, na zauna a kan moto ƙarƙashin wani gawo, na ɗora fish a cinya. A gidan dasawa na rubuta dukan abin da na ƙirga. A gidan sara na zana sifili. Sannan na buɗe tawada, na kira Kawu ya dangwala yatsa.

"Me aka rubuta?" ya ce.

"Itatuwanka ne kawai, Kawu."

Ya goge babban yatsansa a riga, ya dangwala, ya koma bakin aikinsa. A hanyar komawa na yi ta gaya wa kaina zumunci na yi, kuma babu wanda aka cuta, tunda itatuwan suna nan tsaye.

Abin da ban hango ba shi ne fish ɗin zai yi kyau har ya wuce kima. Shef ya gan shi, ya share gumi, ya ce a duk ƙasar Magariya da Dungas babu manomin da ya kai wannan. Ya aika da shi Yamai. Daga can aka ce gonar za ta shiga rapor na shekara, da hoto, a matsayin abin koyi. Na yi murmushin dole. Bayan kwana kaɗan ya ƙara mini da labarin da ya hana ni cin abinci.

"Masu jari ba sa karɓar maganarmu haka nan," in ji shi. "Sai sun aiko nasu mutum, wanda ba ya cin albashinmu, ya zo ya gani da idonsa. Ya zaɓi gonaki huɗu. Ta kawunka ce ta farko."

Sau biyu na ɗauki moto da niyyar zuwa in gaya wa Kawu abin da na yi, sau biyu ina juyowa daga Waca. Ta ina zan fara? In ce wa yayan uwata ya yi ƙarya a gaban baƙo? Daga baya na kwantar da hankalina da wata dabara. Baƙon nan Bature zai kasance, ba ya jin Hausa, Kawu ba ya jin faransanci, ni ne tafinta. Abin da ya shiga kunnena daban, abin da zai fita bakina daban.

An yi ruwan shuka da kwana uku motar ta iso. Wadda ta fito mace ce, za ta kai hamsin, da mayafi ruwan toka da takalman shiga gona waɗanda suka sha tafiya. Na tarbe ta da faransancina mafi tsada. Ta amsa, sannan ta juya wajen mai gadi ta ce, "Baba, ina kwana? Mun samu ruwa ko?" da Hausar mutanen Maraɗi tsantsa. Nan na sha jinin jikina. Shef ya raɗa mini ta karanci ilimin daji, ta shekara da shekaru tana wannan aiki. Muka kama hanyar Guci, ni da ita da Shef, tana ta duban itatuwa ta taga.

Mun iske mai gari da dattawa biyar ko shida suna jira a bakin gonar, don an ji baƙi za su zo ɗaukar hoto. Kawu ya sa rigarsa ta Juma'a, amma gatarinsa na rataye a kafaɗa, ko kunyar baƙi bai ji ba. Gero ya fara ɓullowa layi layi. Gawo ya soma zubar da ganye kamar yadda yake yi in damina ta kama. Matar ta gaida kowa, ta tsaya tana kallon gonar. Sannan ta buɗe jakarta ta fiddo fish ɗina.

"Baba, sannu da aiki," ta ce. "Ina ka samo dashen duk itatuwan nan? Kuma da wace rijiya ka yi ban ruwa?"

Kawu ya dube ta, ya dubi mai gari. "Hajiya, ni ban taɓa dasa itace ba a rayuwata, in ban da mangwaro ɗaya a cikin gida. Shi ma akuya ta cinye shi."

Dattawan suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta karanta abin da ke cikin takardar a fili, da Hausa, a hankali: ya dasa kaza, ya sare babu. Ta juya takardar ta nuna masa. "Wannan yatsanka ne?"

Kawu ya matso, ya daɗe yana duban shuɗin tabon. Bai dube ni ba. Da ya dube ni, da na fi samun sauƙi.

"Yatsana ne," ya ce. "Maganar ba tawa ba ce."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shef ya ciro hankici. Mai gari ya sunkuyar da kai yana wasa da sandarsa cikin rairayi. Matar ta ce, "To sara fa, Baba? Kana sara?"

"Kowace bazara. Bana ma na sare abin da ya ishi gidana girki har kaka, na ba maƙwabta."

Na rufe ido ina jiran ta ce an cire shi. Sai na ji ta ce, "Nuna mini yadda kake yi."

Ya kai mu gefen gonar ta gabas, inda bai gama sassabe ba kafin ruwa ya sauka. Akwai wata sabara a ƙasa, cunkus, tsiro fiye da goma sun fito daga wuri ɗaya, kowane bai fi yatsa kauri ba. Ya duƙa, ya rarraba su da hannu, yana taɓa wannan yana lanƙwasa wancan. Ya zaɓi biyu masu miƙewa. Sauran ya bi su da gatari, kaf, kaf, ya jefar gefe. Biyun da ya bari ya share musu ƙananan rassa har rabin tsayinsu.

"In na bar su duka, ba wanda zai zama itace," ya ce. "Za su yi ta cin juna a ƙasa. In na sare su duka, baɗi su sake fitowa haka. In na bar biyu, duk ƙarfin uwar ya koma kansu. Shekara uku, sun wuce kanki."

"Ina uwar?" in ji ta. Daga yadda ta yi tambayar na gane ta san amsar, so take mu gani.

Kawu ya karɓi hauya a hannun wani dattijo, ya tuɓe rigar Juma'ar ya rataya a reshe, ya fara tono a gindin tsiron. Rairayin na da danshi, yana tashi da sauƙi. Taƙi ɗaya, taƙi biyu, sai hauyar ta bugi abu. Ya ajiye ta ya ci gaba da hannu. A hankali wani kututture baƙi ya bayyana, ya fi turmi faɗi, da saiwoyi masu kaurin cinya sun nufi kowace kusurwa, wata ta nutse ƙasa sosai ba a ganin ƙarshenta. Ya ɗan kankare bayan saiwar da farce. Cikinta ɗanye ne, jawur, da ruwa.

Ban san lokacin da na durƙusa a bakin ramin ba. Tsiron nan biyu da ban ɗauka a bakin komai ba, ashe a kan wannan suke zaune. Na sa hannu na taɓa saiwar, na ji sanyinta.

"Babanmu ya sare wannan," in ji Kawu, yana zaune a kan dugadugansa. "Zamanin gyaɗa. An ce manomin kirki gonarsa fes take, ba ko kara. Kowa ya share. Daga baya kuma in ka bar tsiro ya girma, ya zama na gwamnati, ka taɓa shi a ci ka tara. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Duk shekara muna sarewa, muna ƙonawa. Sai iska ta samu hanya. Ka shuka gero, ta binne shi, ka sake, ta binne. Akwai shekarar da na yi shuka sau huɗu. A shekarar na rasa shanu bakwai, ba ganyen da zan kakkaɓo musu. Da bazara ta zagayo na zo sassabe, na ɗaga gatari a kan wani kalgo, sai na ce, kai wannan abu, shekara nawa ina kashe ka kana dawowa? Na bar shi in ga iyakarsa. Ga shi can." Ya nuna wani kalgo da mutum biyu za su sha inuwarsa su bar wuri.

"Gawon fa?" in ji matar.

"Wannan aikin shanu ne. Su ci ƴaƴan, su zo su kwana a gona, su ajiye mini iri da takinsa. Nawa kawai in gane shi yana ɗan ganye biyu, in kafa masa kara don kada hauya ta bi ta kansa."

Ta ɗauki hotuna, ta auna kututturen da igiyar awo, ta yi rubutu mai yawa. Can ta hangi wani fako a ƙarshen gonar, wuri tas ba ko ciyawa, ta ce, "Can kuma ba komai ke nan?"

Kawu ya yi ƴar dariya. Ya tashi, muka bi shi. Ya shiga fakon yana tafiya a hankali, yana duban wata tsohuwar kuka da ke nesa, yana duban hanyar shanu, kamar mai neman ƙofar gidan da ya daɗe bai je ba. Ya tsaya, ya buga ƙafa. "Nan akwai ƙirya. A gindinta ake ajiye mana ruwa muna yara." Ya yi taku kamar goma sha biyar. "Nan kalgo biyu, manne da juna." Ya ƙara gaba. "Nan aduwa, mai ɗaci, ko awaki ba sa son ƴaƴanta."

Ni dai rairayi nake gani. Matar ta ce a tona wajen ƙiryar. Wani dattijo ya karɓi hauyar, ya yi ta tono har ramin ya kai gwiwa, har na fara jin tausayin Kawu. Sai hauyar ta yi ƙara. Itace ne, baƙi ƙirin, mai tauri. Kawu ya shiga ramin, ya bi jikinsa da hannu har ya samu wata saiwa a gefe, ya kankare. Ɗanya ce.

Mai gari ne ya fara cewa, "Allahu akbar," a hankali, sauran suka amsa. Na ɗaga kai na dubi fakon, na dubi gonakin da ke bayansa har inda ido ya tsaya, duk filayen da na yi wata biyu ina ratsawa da moto ina rubuta babu, babu, babu. Ashe a kan daji nake tafiya. Yana nan kwance ƙarƙashin ƙafafunmu da ransa, tun kafin a haife ni, kuma wannan gajeren tsoho mai tsokana ya san shi itace bayan itace. Na yi shekara goma ina koya wa yara darasin hamada a allo, ban taɓa jin na zama ƙaramin ɗalibi irin na ranar ba.

A mota, muna komawa, matar ta yi mini magana sau ɗaya, ba tare da ɗaga murya ba.

"Takardarku ba ta san aikin nan ba, wannan laifin masu tsara ta ne, kuma zan rubuta haka. Amma kai ka san abin da ka rubuta ba gaskiya ba ne. Akwai fili a bayan takardar. Da ka juya ta ka rubuta abin da ka gani."

Na juya kai ina duban gonakin da muke wucewa ta taga.

Sunan Kawu bai fita daga jerin ba. Ta rubuta cewa abin da yake yi renon itace ne, kuma gonarsa ta fi duk wadda ta gani. Amma tunda an kama ƙarya a fish ɗaya, duk waɗanda na cika sai da aka sake bin su, gona gona, da wani ma'aikaci. Shef ya kira ni, ya share gumi, ya ce in ajiye waya da makullin moto. Ban yi musu ba, ko da yake na fita ina huci kamar ni aka zalunta. Daga baya wani abokin aikina ya nuna mini rapor ɗin a wayarsa. A wani shafi, da ƙananan haruffa, sosiyeten ta gaya wa masu jarinta cewa an samu adadi marar gaskiya a wata gona a ƙasar Dungas, an gyara, kuma za a sake tsarin takardar. Na karanta layin sau uku. Abin da na rubuta ni kaɗai a kan cinyata, ƙarƙashin gawo, ya ƙetare teku, mutanen da ba su san ni ba sun karanta shi. Na ji kunya, na kuma ji wani irin kwarjini, don ban taɓa zaton akwai inda ake bin magana har gindinta haka ba.

Wata biyu ban taka ƙauyen ba. Mahaifiyata ba ta ce mini komai a kan maganar ba, sai wata safiya ta ƙulla goro da sukari a leda ta ce in kai wa yayanta. Na hau motar kasuwar Guci, na ƙarasa da ƙafa. Na iske shi yana maimai, gero ya kai ƙugu. Ya amsa gaisuwata, ya karɓi saƙon, ya tambayi ƙanwarsa. Bai ce Mushe ba.

Na tsaya a bayansa ina murza hannu. Fushin da na taho da shi na kwana da kwanaki ya taso, na ce, "Kawu, don kai fa na yi. Don kada a cire sunanka. Ga shi ni na rasa aikina."

Ya dogara hauyar a cinyarsa, ya juyo. Wannan karon ya dube ni sosai.

"Na sani don ni ka yi," ya ce. "Da ka rubuta gaskiya suka cire ni, da na kai riɗina kasuwa kamar da, ba zan mutu ba. Yatsan da ka sa na dangwala, shi ma na yafe. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Baƙuwa ta zo daga nesa, ta gan ni da gatari, ta ce in nuna mata. Kai ɗan ƙanwata, ka tsaya a tsakiyar gonar nan, ka dubi aikin shekara talatin, ka ga abin kunya ne da za ka rufa mini asiri a kansa. Ko tambayata ba ka yi ba."

Ya juya ya ci gaba da nomansa. Na tsaya a wurin, idona ya cika. Na bi shi a baya har ƙarshen kunyar, ya juyo da wata, na sake bin sa. A tsakiyar ta uku ya ratse wa wani ɗan tsiro da hauya, ya tura masa ƙasa a gindi da ƙafa, ya tumɓuke wani da ke kusa da shi.

Na gyara murya. Na ce, "Kawu, me ya sa ka bar wannan, ka cire wancan?"

Ya kai ƙarshen kunyar tukuna, ya ajiye hauya, ya dawo inda nake.

"Duƙa," ya ce. "Daga tsaye ba za ka gani ba."